Higgs: Dunƙule Ne Ko Haɗi?

Duk ɗalibin da ya zauna ajin ƙarshe na kimiyya a lise, a Garwa ne ko Marwa ko Injamena, ya haddace cewa furoton da niyutoron ne a cibiyar zarra. Wanda ya wuce jami'a, Ngaundere ko Marwa, an ƙara masa da cewa shi ma furoton ɗin kwak uku ne a cikinsa, u biyu da d ɗaya. Abin da ba a cika tsayawa a lissafa a allo ba shi ne nauyinsu. A ma'aunin MeV, wanda ake auna kuzari da nauyin ƙananan ƙwayoyi da shi (MeV dubu GeV ɗaya ne, GeV dubu kuma TeV ɗaya), kwak u yana da kimanin MeV 2.2, d kuwa MeV 4.7. Tara ukun, za ka sami kusan MeV 9. Furoton kuwa MeV 938 ne. Wato nauyin kwak, wanda filin Higgs (filin da ya cika sarari yana ba dunƙulallun ƙwayoyi nauyi) ke bayarwa, kashi ɗaya ne kacal cikin ɗari. Sauran kashi 99 kuzarin ɗaurin da ke tsakaninsu ne, da na guje-gujensu a wuri mai faɗin kusan femtomita ɗaya, wato mita 10⁻¹⁵. Buhun gero, jikin mutum, duwatsun Mandara, nauyinsu kusan duka daga wannan ɗaurin ya fito.

Daga nan tambayar ta taso. Tun da ƙarfi mai tsanani, wato wanda ke ɗaure kwak, ya iya samar da nauyi daga ƙwayoyin da kusan ba su da shi, me zai hana a ce nauyin W da Z, ƙwayoyin da ke ɗaukar ƙarfi mai rauni, har ma da shi bozon na Higgs, ƙwayar da ke fitowa daga filin Higgs, haka suka samu daga wani ƙarfin da ba mu gano ba tukuna? Shekara kusan hamsin ana bin wannan sawu. Kuma duk hanyar da aka bi, wuri ɗaya take cijewa: yadda za a ba kwak da lefton (elektaron da danginsa) nauyinsu, musamman kwak t, mafi nauyi a cikin kwak.

Yadda QCD ke ƙirƙirar ma'auni

Gell-Mann da Zweig, kowa da kansa, suka kawo batun kwak a 1964. Gwajin SLAC, wata cibiyar bincike a Amurka, na ƙarshen shekarun 1960, inda aka riƙa harba elektaron mai kuzari a kan furoton, ya nuna akwai ƙananan abubuwa masu tauri a ciki, kuma kamar ba a ɗaure suke ba. Wannan ya rikita mutane: in ba a ɗaure suke ba, don me ba a taɓa ganin ko ɗaya ya fito ba? Gross da Wilczek da Politzer suka warware a 1973. A QCD, nazariyyar ƙarfi mai tsanani, kowane kwak yana da caji iri uku da ake kira launi, kuma gulwan takwas ne ke kai-kawo tsakaninsu. Su gulwan ɗin ma suna ɗauke da launi, ba kamar foton ba da ba shi da cajin lantarki, shi ya sa riƙon yake sassautawa idan aka matso kusa, ya tsananta idan aka ja baya.

Ana iya gwada wannan da alƙalami. Lambar riƙon, α, tana bin 1/α(Q) = 1/α(M) + b·ln(Q²/M²), inda Q kuzarin da ake tambaya a kai ne, M kuzarin da aka riga aka auna α a kai, b = (33 − 2n)/12π, n kuma yawan ire-iren kwak da kuzarin ya isa ya motsa. A nauyin Z, GeV 91, an auna α = 0.118. Sa n = 5, b ya zama 0.61. Sauko zuwa GeV 10, za ka sami kusan 0.17, abin da aka auna kuwa wajen 0.18. A nauyin tau, ɗan'uwan elektaron mai nauyi, GeV 1.78, ta haura 0.3. Ƙasa da GeV ɗaya lissafin ya watse, domin lambar ta girma har ba a iya tara gyare-gyare ɗaya bayan ɗaya. Wurin da ta watse ana kiransa Λ, kuma yana tsakanin MeV 200 da 300. Ka lura da 33 − 2n: idan ire-iren kwak suka wuce 16, alamar ta juya, sassaucin ya ɓace. Za mu dawo kan wannan.

Yanzu ka bi lissafin sama maimakon ƙasa. A ma'aunin Planck, GeV 10¹⁹, inda maganaɗisun nauyi ke fara tasiri a kan ƙananan ƙwayoyi, α ta sauka zuwa kusan 1/50. Lamba ce ta yau da kullum, ba wanda zai yi mamakinta. Amma da yake sauyinta na logaritim ne, sai ta yi tafiyar ninki 10¹⁹ kafin ta girma ta ɗaure kwak. Ƙanƙantar furoton idan aka gwada shi da ma'aunin Planck ba ta buƙatar wani ya daidaita komai da hannu. Wannan ita ce kyautar da kowa ke kwaɗayi, kuma ita ake so a ara wa Higgs.

A nesa kuwa, layukan ƙarfin ba sa bazuwa kamar na lantarki, suna tattaruwa su zama igiya mai jan kusan GeV ɗaya a kowace femtomita. A ma'aunin da muka saba, niyuton 160,000 ke nan, nauyin tan 16, a kan ƙwaya ɗaya. Kafin ka raba kwak biyu da nisa, kuzarin da ka zuba ya isa ya haifi sabon kwak da kishiyarsa, igiyar ta tsinke, ka tashi da mezon biyu, kowanne kwak ne manne da kishiyar kwak.

Fiyon, wanda shi ne darasin gaske

Mezon ro yana da MeV 775. Fiyon, wanda kayan cikinsa iri ɗaya ne da na ro, yana da 140 kawai. Bambancin juyin kwak (spin a Turance) ba zai iya ba da wannan rata shi kaɗai ba. Bayanin ya fito daga Nambu a 1960 da Goldstone a 1961. Da u da d ba su da nauyi, QCD za ta iya juya kwak masu murɗin hagu daban, masu murɗin dama daban, ba abin da zai sauya. Amma sararin da muke kira fanko ba fanko ba ne, cike yake da kwak da kishiyoyinsu da suka daskare biyu-biyu, hagu manne da dama. Daskarewar ta karya daidaito shida zuwa uku, kuma kowane daidaiton da ya karye yana barin ƙwaya marar nauyi. Uku suka karye, fiyon uku muke da su. Ɗan nauyin da suke da shi daga ɗan nauyin u da d ya zo, kuma murabba'in nauyin fiyon ne ke tafiya daidai da nauyin kwak. Ma'aunin karyewar, f, kusan MeV 92 ne.

Akwai wani ƙaramin abu da ya kamata a riƙe. Fiyon mai caji MeV 139.6 ne, marar caji 135.0. Ratar 4.6 kusan duka aikin foton ne, wanda ke ganin mai caji ba ya ganin ɗayan. Das da abokan aikinsa sun lissafa ta a 1967: ratar murabba'in nauyi ita ce (3/4π)·(1/137)·m²·2ln2, inda m nauyin ro ne. Sa lambobin, za ka sami kusan MeV 5. Wato ƙwaya ta fito da sauƙi saboda daidaiton da ya karye, sannan wani ƙaramin ƙarfi daga waje, na lantarki a nan, ya ɗora mata ɗan nauyi wanda ake iya lissafawa, kuma gyaran bai tafi sama ba iyaka ba, ya tsaya a nauyin ro. Duk nazariyyar Higgs haɗaɗɗe wannan labarin ne aka ɗaga sama.

Matsalar Higgs

An sanar da gano Higgs a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, ranar 4 ga Yuli 2012, daga manyan gwaje-gwajenta biyu, ATLAS da CMS, nauyinsa GeV 125. A Daidaitaccen Tsari, nazariyyar ƙwayoyin da aka yarda da ita a yau, dunƙule ne, ba shi da juyi, kuma ba wani daidaiton da ke kare nauyinsa. Duk wata ƙwaya mai nauyi M da ta taɓa shi za ta ƙara wa murabba'in nauyinsa abin da ya kai M². Idan ba sabon abu sai a Planck, ana maganar 10³⁸ a gefe ɗaya da 10⁴ a ɗaya gefen. Kamar ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Marwa da ke da malamai biyu, ɗaya na rubuta shiga ɗaya na rubuta fita, ba su taɓa haɗuwa ba, kowanne ya kawo jimilla mai lambobi 34, aka debe, sai ga dala ɗaya ta rage. Lissafi bai hana ba, amma kowa zai ce akwai magana. Idan kuwa Higgs haɗi ne mai faɗi, to a sama da kuzarin da ya dace da faɗinsa babu shi ma, sai 'ya'yan cikinsa, kuma gyaran ya tsaya nan kamar yadda na fiyon ya tsaya a ro.

Kafin mu ci gaba, a kawar da wani reshe. Wasu sun ce kwak da elektaron su ma haɗi ne. Pati da Salam sun kawo firiyon, ƙwayoyin da aka ce su ne a cikin kwak da elektaron, a 1974, Harari da Shupe suka kawo nasu a 1979. Abin da ya kashe kasuwarsu lissafi ne na layi biyu. Gwaje-gwaje sun nuna faɗin elektaron da kwak bai kai mita 10⁻¹⁸ ba. Duk abin da aka tsare a wuri mai wannan ƙanƙanta, ƙa'idar Heisenberg ta ba shi kuzarin aƙalla GeV 200, tun da ħc = MeV 197 sau femtomita. Elektaron kuwa MeV 0.511 ne, ya gaza da ninki 400,000. Sai dai a sami daidaiton da zai riƙe shi kusa da sifili, kuma sharaɗin da 't Hooft ya gindaya a 1979 ya taƙaita irin waɗannan tsare-tsare ƙwarai. Har yau ba wanda ya fitar da iyalai uku na kwak da lefton da nauyinsu daga wannan hanya.

Teknikala: tashi da faɗuwa

Ko da babu Higgs sam, QCD za ta ba W nauyi. Daskararrun kwak suna ɗauke da cajin ƙarfi mai rauni, saboda haka W zai haɗiye fiyon ya sami nauyin g·f/2, g lambar riƙon ƙarfi mai rauni, wato 0.65 × 92 ÷ 2, kusan MeV 30. Har ma dangantakar nauyin W da na Z za ta fito daidai. Matsalar kawai ita ce W na gaske GeV 80 ne. Weinberg da Susskind, a ƙarshen shekarun 1970, suka ce to a kwafi QCD a ɗaga ta: sabon ƙarfi, sabbin kwak, f ɗinsu GeV 246 maimakon MeV 92; wannan tsarin ake kira teknikala. Ninki 2,700 ke nan. Sabon ro zai zauna kusa da TeV 2. Ba Higgs, ba daidaitawa da hannu. Tsari ne mai kyan gani, kuma a ganinmu har yanzu shi ne mafi tsabtar amsa da aka taɓa bayarwa, sai dai duniya ba ta zaɓe shi ba.

Ga inda ya cije. Nauyin W ya samu, amma elektaron da kwak ba su san da sabon daskarewar ba. Dimopoulos da Susskind a 1979, da Eichten da Lane a 1980, suka ƙara wasu bozon masu nauyi Λ (ba Λ ɗin QCD ba) da ke haɗa kwak namu da sabbin. Nauyin da kwak zai samu kusan 4πF³/Λ² ne, F = GeV 246, wato 1.9 × 10⁸ a raba da Λ². Amma bozon ɗin nan dole su haɗa kwak namu da junansu ma, s da d misali, su sa kayon marar caji, mezon da ke ɗauke da s da d, ya riƙa rikiɗa zuwa kishiyarsa. An auna wannan rikiɗar da kyau: ratar nauyin kayon biyun MeV 3.5 × 10⁻¹² ce. Don kada a wuce ta, sai Λ ta kai wajen TeV 1,000. Sa wannan a lissafin farko, nauyin da ya fito MeV 0.2 ne. Kwak s yana buƙatar kusan MeV 93, wanda ke son Λ ta sauko TeV 45. Kwak t, mai GeV 173, yana son Λ kusa da TeV ɗaya. Gaba kura, baya sayaki.

Holdom a 1985, da Yamawaki da abokansa da Appelquist da nasa a 1986, suka nemo mafita daga 33 − 2n ɗin nan. Idan aka ƙara yawan sabbin kwak har b ta kusa sifili, lambar riƙon ba ta gudu, takawa take yi a hankali, ta daɗe tana da girma. Wannan yana kumbura daskarewar, nauyin ya koma kusan 4πF²/Λ, wanda a TeV 1,000 ya ba da kusan GeV ɗaya. Ya isa s, ya kusa c, bai ko doshi t ba.

Duka na biyu ya zo daga LEP, na'urar karo da elektaron ta CERN, wadda ta yi aiki daga 1989 zuwa 2000 ta auna halayen Z da ƙyar ake samun kuskuren kashi ɗaya cikin dubu. Peskin da Takeuchi suka tattara tasirin sabbin ƙwayoyi cikin lambobi uku, S, T da U. Teknikala mai kama da QCD tana ba da S kusan 0.3 ga kowane tagwayen sabbin kwak masu launi uku, fiye da 1 idan iyali guda ne cikakke. Abin da aka auna sifili ne, da kuskuren kusan 0.1. Duka na uku shi ne 2012. Abin da ya fi kama da Higgs a QCD shi ne mezon f0(500), mai nauyin kusan MeV 500, wanda faɗin ruɓewarsa ya kusa nauyinsa. Ɗaga shi sau 2,700, ka sami abu mai fiye da TeV ɗaya, mai faɗi kamar tabki. Wanda aka gano GeV 125 ne, siriri, faɗinsa kusan MeV 4.

Higgs a matsayin fiyon

Georgi da Kaplan sun riga sun ajiye wata dabara tun 1984. Sabon ƙarfin ya daskare a ma'auni f wanda ya fi GeV 246, amma ta fuskar da ba ta karya ƙarfi mai rauni ba. Fiyon ɗinsa su ne filin Higgs. Ana buƙatar guda huɗu: uku da W⁺, W⁻ da Z za su haɗiye, ɗaya da za a gani. Tsari mafi ƙanƙanta shi ne na Agashe, Contino da Pomarol na 2004, inda rukunin daidaito SO(5) mai daidaito 10 ke karyewa zuwa SO(4) mai 6, saura huɗu cif. SO(4) ɗin kuma tana kare dangantakar nauyin W da Z, wato tana riƙe T. Idan ana son tsarin da za a iya gina shi da sabbin kwak a fili, mafi sauƙi shi ne SU(4) zuwa Sp(4): 15 a debe 10, biyar, Higgs da ƙarin ƙwaya ɗaya marar caji.

Sai ƙarfin waje su karkatar da fankon, kamar yadda foton ya yi wa fiyon. W da Z suna jan sa ya tsaya inda ba a karya komai ba. Kwak t yana jan sa ɗaya gefen. Inda aka tsaya kusurwa ce θ, kuma v = f·sinθ, v ɗin GeV 246. Ana rubuta ξ = v²/f². Idan θ digiri 90 ce, an koma teknikala. Idan ta kusa sifili, ba ka iya bambanta Higgs ɗin da dunƙulalle. Duk gardamar yau a kan wannan lamba ɗaya take.

Abin da ya sa tsarin ya cancanci a ba shi lokaci shi ne ana iya auna ξ. Riƙon Higgs da W da Z yana raguwa da √(1 − ξ). Riƙonsa da kwak, a sigar da aka fi amfani da ita, yana zama (1 − 2ξ)/√(1 − ξ). Ɗauki ξ = 0.1: f ta zama GeV 780, θ digiri 18, riƙon W ya ragu da kashi 5 cikin ɗari, na kwak da kashi 16. Awon ATLAS da CMS, haɗe da na LEP, ya tura ξ zuwa wajen 0.1 ko ƙasa. A nan ne tsadar take. Idan aka bar jan W da jan t su yi yadda suka ga dama, kusurwar sifili za ta zama ko babba. Don ta tsaya a digiri 18, sai ɓangarori biyun sun kashe juna zuwa kashi ɗaya cikin goma. Tsakanin 10³⁴ da 10 akwai sauƙi mai yawa, amma duk lokacin da awo ya matse ξ, daidaitawar tana ƙaruwa daidai gwargwado.

Nauyin kwak fa, inda teknikala ta faɗi? Kaplan ya kawo wata hanya a 1991. Maimakon kwak biyu su manne da daskarewar, kowane kwak shi kaɗai ya gauraya da wata haɗaɗɗiyar ƙwaya mai irin cajinsa, wani abu kamar furoton na sabon ƙarfin. Kwak ɗin da muke gani garwaye ne, kaso ε na haɗi, saura dunƙule. Riƙonsa da Higgs shi ne g·ε(hagu)·ε(dama), g a nan lambar riƙon sabon ƙarfin ce, tsakanin 1 da 4π. Kwak t kusan rabinsa ko fiye haɗi ne, u da d da elektaron kuwa ɗan ɗigo. Amfanin shi ne rikiɗar kayon tana zuwa da ε huɗu na ƙananan kwak, ta ragu da kanta. Ba ta ragu yadda ake so ba: idan ba a ƙara wani daidaito a kan ire-iren kwak ba, awon kayon da na niyutoron suna tura nauyin haɗaɗɗun zuwa wajen TeV 10. Amma ratar ninki goma ce, ba dubu ba.

Wannan gaurayar tana da hasashe mai kaifi. Abokan kwak t, haɗaɗɗun da ya gauraya da su, su ne ke tsayar da gyaran nauyin Higgs, saboda haka Higgs mai sauƙi yana son abokai masu sauƙi. A tsare-tsare mafi sauƙi, GeV 125 tana nufin mafi sauƙin abokin yana kusa da 1.4 × f, wato TeV 1.1 idan f 800 ce. Suna da launi, don haka LHC, na'urar karo da furoton ta CERN, na iya haifarsu biyu-biyu ta gulwan. Ɗaya daga cikinsu cajinsa 5/3 ne, yana ruɓewa zuwa t da W⁺, shi t ɗin kuma ya ba da wani W⁺, sai a ga lefton biyu masu caji iri ɗaya, abin da ba kasafai Daidaitaccen Tsari ke yi ba. An nema, ba a gani ba, kuma iyakar ta kai tsakanin TeV 1.3 da 1.5 gwargwadon hanyar ruɓewa. Wannan ya riga ya ciji yankin da aka fi so. Tsarin bai mutu ba, amma wanda ya ce maka yana cikin ƙoshin lafiya bai duba lambobin ba. LHC mai ƙarin haske, da ake sa ran farawa wajen 2030, zai auna riƙon W da Z zuwa kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Na'urar elektaron da ake shawarar ginawa a CERN, mai kewayen kilomita 91, za ta kai kusan kashi 0.2, wanda ke nufin ξ na 0.004 da f kusa da TeV 4.

Raga, inda ake yanke hukunci

Duk lambobin da ke sama masu "kusan" an aro su ne daga QCD ko daga ƙiyasi, domin ƙarfi mai tsanani ba ya lissafuwa da alƙalami. Wasu suna bi ta hanyar Maldacena ta 1997 da tsarin Randall da Sundrum na 1999, su mai da matsalar ta zama lissafi a sarari mai fuska biyar, amma wannan kwatance ne, ba warwarewa ba. Hanyar da ba ta da zato ita ce ta Wilson ta 1974: a yanka sarari da lokaci su zama raga, a sa kwamfuta ta zana samfuran filin gulwan. A 2008 wata ƙungiya ta Budafes, Marsai da Wuppertal ta fitar da nauyin furoton da 'yan'uwansa ta haka, daidai da awo cikin 'yan kashi kaɗan.

Ɗalibin masta zai iya ganin ɗaurin da idonsa a kwamfutar cinya, kamar yadda Creutz ya yi a 1980 da na'urar da ba ta kai wayar hannu ta yau ba. A ɗauki SU(2), wato irin QCD mai launi biyu, ba tare da kwak ba. Raga 16 × 16 × 16 × 16 tana da mahaɗa 65,536 da sanduna 262,144. Kowace sanda lambobi huɗu ne da murabba'insu ya taru ya ba da 1, duka kusan megabait 8. A zaɓi β = 2.3, β ita ce lambar da ke saita ƙarfin riƙon a ragar. A bi sanduna ɗaya bayan ɗaya, a gwada ɗan sauyi, a karɓa ko a ƙi bisa ƙa'idar Metropolis, a daidaita girman sauyin har kusan rabi su riƙa karɓuwa. Abin dubawa na farko matsakaicin ƙaramin murabba'i ne: a β = 2.3 ya kamata ya zauna kusa da 0.60. A ƙaramar β ya bi β/4, a babba ya bi 1 − 3/(4β). Idan bai bi ba, kusan kullum an juya tsarin ninka sanduna ne ko an manta a kifar da wadda ake bi ta baya.

Daga nan a auna zoben Wilson W(R,T), wato ninkin sandunan da suka kewaye fili mai faɗin R da tsawon T, a haɗa −ln[W(R,T)·W(R−1,T−1) / (W(R,T−1)·W(R−1,T))]. Idan akwai ɗauri, wannan zai riƙa sauka yayin da zoben ke girma, ya doshi wajen 0.14 bai kai sifili ba. Wannan shi ne jan igiyar, kuma yana nuna tazarar raga kusan femtomita 0.16 ce. Kurakuran da aka fi yi uku ne. Fara awo tun filin bai daidaita ba: a zubar da ɗaruruwan zagaye na farko, a kuma gwada farawa daga fili mai sanyi da mai hargitsi a ga sun haɗu. Ɗaukar samfuran da ke jere kamar ba su da alaƙa, wanda ke sa kuskuren ya fito ƙarami na ƙarya: a tara su rukuni-rukuni, a ƙara girman rukunin har kuskuren ya daina girma. Da barin sanduna su zame daga tsawon 1 saboda guntulewar lambobi: a maido su bayan kowane zagaye. Zobe da ya wuce 5 × 5 hayaniya za ta cinye shi sai an tara samfura dubbai. A inda wuta ke ɗaukewa, a riƙa ajiye filin tare da matsayin injin lambobin kaddara a kowane zagaye hamsin, kuma a zafin Afrilu na Marwa ko Kuseri gara a bar aikin ya kwana yana gudana, domin na'ura tana rage gudunta idan ta yi zafi.

Tambayar Higgs kuwa tana buƙatar kwak a cikin ragar, kuma nan tsadar take ninkuwa dubbai, domin kowane mataki sai an juya matiris mai layuka miliyoyi. Ana kuma so nauyin fiyon sau faɗin akwatin ya kai 4, in ba haka ba bangon akwatin ne ake aunawa. A tsarin da lambar riƙo ke takawa a hankali abin ya fi muni, tun da ba akwatin da ke ɗaukar ma'aunan biyu masu nisa a lokaci guda, shi ya sa aka shafe shekaru ana jayayya a kan ko SU(3) mai kwak 12 tana daskarewa ko ba ta yi. A SU(3) mai kwak 8 ƙungiyoyi fiye da ɗaya sun ga ƙwaya marar juyi mai sauƙi, kusa da fiyon, nesa da ro, abin da QCD ba ta yi. Ga gaurayar kwak t kuma, ana buƙatar ma'aunin haɗaɗɗen abokin ya sauko daga 9/2 zuwa kusa da 5/2, wato gyaran kusan 2. Lissafin raga da aka yi a tsarin SU(4) mai sabbin kwak iri biyu ya ba da gyaran da bai kai ko rabin haka ba.